Taken Baba da Turmin Inna

A ƙauyenmu, can bayan Kurawa, namiji bai cika manomi ba sai yana da take. Hauya kowa na iya riƙewa, har ni da boko ya lalata wa tafin hannu, amma take sai makaɗin gangar noma ya ga aikinka shekara da shekaru ya yarda ka isa. Ranar gayya, in an jeru a bakin gona, zai bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana kaɗa wa kowa nasa. Wanda aka kaɗa wa sai ka ga jikinsa ya ɗauki tsuma, ya kama doguwar hauyar nan tamu ta Gobir da ake turawa a tsaye, ƙasa na tashi a bayansa. Taken mahaifina gajere ne. Mutane sun ce gangar cewa take, "Tashi, gona na jira." Ni dai ban taɓa jin kalmomin a ciki ba, amma na sha ganin abin da suke yi masa.

Makaɗin sa'an Baba ne, rana ɗaya aka yi musu kaciya, saboda haka babu abin da ba ya faɗa masa. Gajere ne, siriri, bakinsa ya fi gangarsa ƙara. Shi kaɗai na taɓa gani ya tsokani Baba har Baba ya yi dariya haƙora a waje. Mu a gida ba mu san wannan fuskar ba. Ni kuwa da nake ɗan fari, ko sunana bai taɓa kamawa ba, don haka al'ada take. "Kai" nake, ko "wancan", in kuma yana magana da baƙo, "malamin makarantarku". Na girma ban ɗauki abin da zafi ba, duk ɗan fari a garinmu haka ake yi masa.

Akwai wani sauti kuma da na tashi a cikinsa, amma ba wanda ya taɓa kiransa kiɗa. Kowace safiya, da an dawo daga masallaci, Inna za ta ja turminta gindin bangon ɗakin Baba ta fara surfe. Tana da salon hannunta: ta buga, ta buga, ta buga, ta cilla taɓarya sama ta tafa, ta cafe. Ƙasa-ƙasa kuma tana wata 'yar waƙa da rabinta a maƙogwaro take ƙarewa. Baba na ciki yana lazimi. Bai taɓa cewa ta matsa da turmin ba, bai kuma taɓa cewa yana jin daɗinsa ba. Irin aurensu ke nan.

Sai fari ya zo. Shekarar farko gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya yi ja, ya ƙone a tsaye. Ta biyu ko gwiwar bai kai ba. Gulbi ya koma rairayi, samari suka tafi cin rani ba su dawo ba, makiyaya suna gangarowa ta Burkusuma da shanun da ana ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Abin da ya fi tsaya mini a rai daga shekarun nan shi ne shirun. Babu gayya, to babu ganga. Babu hatsi, to babu daka. Abin da ake samu garin taimako ne, wani ja-ja da ya zo a niƙe, mata su tuƙa shi kawai. Inna ta kifa turminta a bayan ɗaki, kaji suna hawa. Gero ɗaya ya rage a gidanmu, shi ne iri. Baba ya zaɓi zangarniya mafi kyau daga damina ta ƙarshe da aka yi albarka, aka sussuke, ya gauraya da toka, ya zuba a tulu, ya liƙe bakin da laka. Ya ce ko wa zai mutu a gidan nan, ba a buɗe tulun sai ruwa ya sauka. Da Baba ya faɗi magana, an gama.

Ya daɗe da ciwon ƙaba. Ciwo ne na maza da ba a zancensa a gaban yara, yana ɗaure shi da ƙyalle yana harkarsa. Yasar rijiya ce ta ƙarasa shi. Ruwa ya yi nisa, aka ce a ƙara zurfi, kuma da yake samari sun watse, tsofaffi suka kama igiya suna jawo gugan laka. Baba ba ya iya ganin ana aiki ya tsaya. Wata ranar aka kawo shi gida a ɗauke yana amai. A lokacin ina koyarwa a firamare a Isa. Da saƙo ya iske ni, na je na ɗauko shi da Inna a bayan a-kori-kura, muka kawo shi asibiti. Likita ya danna ya mayar da abin ciki, amma ya ce sai an yi tiyata, in ba haka ba wata rana hanji zai shaƙe, ba za a iya mayarwa ba.

A nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Mutumin da ya taɓa kashe gamsheƙa da ƙotar hauya yana ci gaba da hira, ga shi zaune a bakin gado hannunsa na rawa. Na yi zaton wuƙar yake tsoro. Da muka rage mu biyu ya faɗa mini, fuskarsa na kallon bango.

"Ba mutuwa nika tsoro ba," in ji shi. "Kowa na mutuwa. Amma a sa ni kwana da allura, in ta zaka ta iske ni baki ruhe, ko shahada ban yi ba? In kuma na tashi, in tashi ba ni cikin hankalina, ina sakin zance gaban ɗiya?"

Yana da dalilinsa. An taɓa yi wa wani mutumin Burkusuma aiki, ya farka yana zagin surukinsa da ya zo duba shi, kuma labarin ya zaga kasuwanni ana dariya. Baba ya gwammace ya mutu da a yi masa irin wannan dariyar. Hankalinsa shi ne dukiyarsa, musamman a shekarar da ba shi da wata.

Malamin asibitin da ke kula da ɗakin maza, wani dogo mai ƙarancin magana, ya gwada jininsa ya ce ya hau. Washegari ma haka. Likita ya ɗaga ranar aikin. Malamin ya ja ni gefe ya ce mu san yadda za mu kwantar wa tsohon nan da hankali, don likita ba zai taɓa shi a haka ba. Na ce wannan ai aikina ne, ni da nake koyar da kimiyya a aji shida. Na zauna na yi wa Baba bayani dalla-dalla, yadda allurar ke bin jini, inda za a tsaga, yadda za a ɗinke. Kafin in kai ga ɗinkin gumi ya jiƙa masa riga. Liman ya zo ya yi addu'a, an kawo rubutu ya sha. Ya ji daɗin hakan, amma da liman ya fita hannun ya ci gaba da rawarsa.

Ranar kasuwar Isa sai ga makaɗi. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, kuma bai zo da ganga ba, don rabonsa da taɓa ta tun damina biyu. Ya tsaya a ƙofar ɗakin ya ƙare wa Baba kallo.

"Ashe gaskiya ta," ya ce. "An ce mini kana nan kana makyarkyata kamar ɗan akuya ga ruwa, nic ce ƙarya akai. To ni dai ban mance wanda yay yi kuka ranar da munka sha kaciya ba."

"Kai na kay yi kuka," in ji Baba.

"Awo, amma ni ina da dalili. Ni anka hwara."

Ya zauna a ƙasa ya jingina da ƙafar gadon. Suka taɓa zancen wanda ya tafi da wanda ya rasu. Can sai ya jawo murfin kwanon sha, ya kifa a gwiwarsa, ya fara taɓa shi da yatsu biyu, a hankali, yadda mai gado na kusa ma sai ya kasa kunne zai ji. Ya yi wani ɗan salo ya tsaya, ya dubi Baba. Baba ya ce wannan taken wane ne, Allah ya jiƙansa, mutumin da ba ya cire hula ko a tsakiyar gona. Makaɗi ya yi wani. Baba ya ce wannan na mai gonar bakin fadama ne. Haka suka yi ta yi har la'asar, ɗaya na kaɗawa ɗaya na cankowa, suna tayar da manoman da suka daɗe a ƙasa, suna musu a kan wace shekara aka yi gayyar wa. Ina zaune ina kallon hannun Baba a kan cinyarsa. Ban ga lokacin da ya daina rawa ba, na dai duba na ga yana kwance lafiya lau, babban yatsa na bin kiɗan. Da makaɗi zai tashi, sai ya rufe da taken Baba, shi ma ƙasa-ƙasa. Baba ya gyara zama ya ɗaga kai.

Da safe aka gwada, hawan jinin ya sauka. Da aka zo da keken marasa lafiya Baba ya ce shi ba a tura shi, ya yi shahadarsa a bayyane, ya taka da ƙafarsa har ƙofar ɗakin tiyata. Ni da makaɗi muka dubi juna, kowa ya yarda mun gano magani. Mun ɗauka taken ne ya yi aikin, tunda shi muka ji a ƙarshe kuma shi muka fi sani.

Aiki ya yi kyau, haka likita ya ce. Amma wanda aka fito mana da shi ba Baba ba ne. Ya buɗe ido yana tambayar me ya sa ba a tafi gona ba ga hadari ya haɗu. Yana ganin ruwa na bin bango. Ya ɗauka ɗakin asibitin zaurensa ne, yana yi wa masu jinya faɗa sun shigo ba sallama. Malamin asibiti ya ce hakan na faruwa da tsofaffi bayan allurar barci, balle jikin da yunwa ta riga ta ci, kuma yawanci yana wucewa. Na riƙe kalmar "yawanci" ina juya ta, ba ta ba ni wani daɗi ba.

Ya dube ni ya ce, "Samari, ɗan wa kake?" Na ce ni ne, Baba. Ya kawar da kai. Sai kuma ya fara kiran sunana. Sunana na yanka, a fili, da bakinsa. Amma ba ni yake kira ba, wani ƙaramin yaro yake nema wanda ya bi jaki zuwa gona, yana cewa a dawo da shi kada rana ta buge shi, ai bai sha furarsa ba. Ban taɓa sanin yana lura da ko na sha fura ko ban sha ba. Na zauna a gefen gadon, ni da gemuna, ina jin mahaifina na kiran sunana da wata murya mai taushi da ban san yana da ita ba. Daɗi da baƙin ciki suka haɗu mini wuri ɗaya, kuma baƙin cikin ya fi yawa, don abin da ya ce yana tsoro shi ne ke faruwa, mutane na ji.

Inna tana waje duk kwanakin nan, a gindin dogon yaro inda mata masu jinya ke kafa murhu. Ba ta shiga ɗakin maza sai ta ga an ragu. Ta ajiye kwano, ta tsaya a ƙarshen gado, ta fita. Ranar da ya dube ta ya ce baiwar Allah wa take nema, sai ta ɗauki kwanon jiya ta fita. Na leƙa ta taga na gan ta tana wanke shi, ta daɗe tana wanke kwano ɗaya.

Makaɗi ne ya kawo shawara, ni kuma na karɓa hannu bibbiyu. Ya ce abin da ya kai shi shi zai dawo da shi. In murfin kwano ya yi wancan aikin, ina ga gangar kanta? Ya koma ƙauye ya ɗauko ta. Fatar ta bushe, ya shafa mata ruwa ya shanya, ya ja tsarkiya. Ba mu nemi izinin kowa ba, don mun san amsar da za a ba mu. Da hantsi ya zagaya bayan ɗakin, ya tsaya saitin tagar Baba, ni kuma ina ciki ina jiran in ga mahaifina ya dawo.

Gangar noma ba a yi ta don ɗaki ba. An yi ta don mutumin da ke can ƙarshen gona ya ji. Da ya sauke gula a kan fatar sai da gilashin taga ya amsa. Na ga tsumar ta fara daga kafaɗun Baba. Kafin in miƙe ya yaye mayafi, ya diro daga gado, ya cafki ƙarfen da ake rataya ƙarin ruwa ya riƙe shi riƙon hauya, ya fara turawa a kan siminti. Allurar hannunsa ta fizge. Wasu tsofaffi biyu da ke can gefe, su ma manoma, suka tashi zaune, ɗaya har da jinjina. Yanzu in na ba da labarin mutane dariya suke yi, ni ma ina yi. A ranar kuwa jini na gani yana bin zanen da ke ƙugunsa. Na rungume shi ta baya ina kiran a tsaya, amma wa zai ji ni a cikin wannan ƙara? Sai da malamin asibiti ya leƙa ta taga ya daka wa makaɗi tsawa.

Ɗinki ya ɗan buɗe, aka sake gyarawa. Malamin bai zage mu ba, da ma ya zage mu da ya fi sauƙi. Ya ce, "Ku da kuka san shi, ku rasa abin da za ku kaɗa wa mai ɗinki a ciki sai abin da ke tayar da shi tsaye?" Daga nan ya kawo ƙyalle ya ɗaure hannuwan Baba a jikin gado, ya ce ba don mugunta ba, don kada ya sake fizge allura. Na fita na iske makaɗi zaune a ƙasa, gangar a gefe. Bakin nan da ba ya mutuwa ya mutu. Da ƙyar ya ce, "Ni da nis san abin da gangag ga ka cewa. Shekara nawa ina ce mai tashi." Tun da aka haife mu ba mu taɓa ganin namiji ya ji takensa ya ci gaba da kwanciya ba, kuma duk da haka babu wanda ya tuna a cikinmu.

Ranar nan Baba ya wuni yana jan ƙyallen yana kiran yaron da ya bi jaki. Ya ƙi tuwon garin taimako, ya ƙi ruwa. Na fara shirya wa kaina zama da uban da za a riƙa rufewa a ɗaki in an yi baƙi. Na ji haushin makaɗi, na ji haushin kaina, har ruwan da ya ƙi sauka na ji haushinsa.

Na sha tunani a kan kuskuren nan daga baya. Yanzu ina jin ana cewa a wasu asibitoci har kiɗa ake sa wa mai jiran tiyata don hankalinsa ya kwanta, wani kuma bayan ya farka. Ba na musu, na gani da idona. Amma in da za su tambaye ni, zan ce su fara tambayar me kiɗan ke gaya wa mai shi. Ranar murfin kwano, abin da ya sauke jinin Baba zaman ne, da sanyin hannun, da tuno mutanensa ɗaya bayan ɗaya har ya manta da wuƙa. Mu kuwa muka ɗauki ɗan guntun ƙarshe muka ƙara masa ƙarfi. Mutumin da ya ɓata a cikin kansa ba ƙarfin zuciya yake nema ba, yana da shi har ya yi yawa. Hanyar gida yake nema, ganga kuwa hanyar gona ta nuna masa.

Washegari da safe na fito na ga Inna tana mirgino turmi. Ta aro shi ne a wani gida da ke bayan asibitin, da taɓaryarsa. Ta kafa shi daidai inda makaɗi ya tsaya jiya, ta ce nan ne da inuwa. Sai ta kwance wani ƙullin tsumma da ta zo da shi tun daga gida, wanda na ɗauka kayan sawarta ne. Gero ne, fari fat da toka.

"Inna, na tulu na?"

Ba ta dube ni ba. Ta zuba a faifai tana bushe tokar. "Tahi ka zamna wurin shi," ta ce.

Na koma ciki. Baba na kwance yana jan ƙyalle, leɓensa sun bushe, idonsa na yawo a rufi. Sai aka fara. Ta buga, ta buga, ta buga, ɗan shiru, tafi, ta cafe. Turmin aro ne, amma hannun nata ne. Rabona da jin wannan sauti tun kafin fari, kuma sai da na ji shi na san na yi kewarsa. Can 'yar waƙar ta biyo baya, ƙasa-ƙasa, don Inna ba za ta ɗaga murya a bayan ɗakin maza ba.

Hannun Baba na dama ne ya fara saki. Na hagu ya ƙara ja sau ɗaya shi ma ya kwanta. Numfashinsa da ke fita guntu-guntu ya fara tsawo. Ya rufe ido, leɓensa na motsi, na matsa kusa na ji lazimin da yake yi kowace safiya ne. Ban motsa ba, ko tari na ƙi yi. Ta yi ta dakanta, ta tsaya ta yayyafa ruwa, ta ci gaba. Na ɗauka ma barci ya yi.

Ya buɗe ido. Ya dubi rufi, ya dubi taga, ya dubi hannuwansa a ɗaure, ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya juyo gare ni.

"Kai," ya ce.

Ban taɓa jin daɗin a ƙi kiran sunana kamar ranar ba. Na ce, "Na'am, Baba."

"Hatsi nika ji. Wanga ba dawa ba ta, hatsi na." A bakin mutanenmu gero ne hatsi. Ya ƙara kasa kunne, goshinsa ya tattare yadda yake yi in ya ga an bar akuya ta shiga gona. "Shekarag ga babu hatsi gidana sai na tulu. Wa ab buɗe tulu?"

Ya san shekarar da muke ciki. Ya san an yi fari, ya san abin da ya rage masa a duniya da inda ya ajiye shi. Na rufe fuskata da hannu, ban san ko dariya nake ko kuka ba. Bai kula ni ba, ya juya kai wajen taga, ya ɗaga murya iya ƙarfin da ya rage masa.

"Ke. Da izinin wa?"

Taɓarya ta tsaya.

"Sannu da tashi, Malam," in ji Inna daga waje. "Iri ba shi shibka kai nai. Na ɗibi na mai shibka."

A iya sanina wannan ne karo na farko da wani na gidansa ya mayar masa da magana ta zauna. Taɓarya ta ci gaba. Daga baya na sha tambayar Inna ko da gangan ta kafa turmin a bayan tagar. Kullum amsarta ɗaya ce, wai ita kunu kawai ta so dama masa tunda ya ƙi garin taimako, kuma nan ne da inuwa.

Malamin asibiti ya zo ya yi masa 'yan tambayoyi, ya amsa duka, har ya ƙara da cewa a gaya wa likita ya gode. Aka kwance ƙyallen. Makaɗi ya shigo yana rakuɓe-rakuɓe, Baba ya ce ya ji an ce wani mahaukaci ya zo da ganga asibiti, ko ya san shi? Makaɗi ya ce ya san shi, kuma an kore shi daga garin. Da aka kawo kunun, Baba ya karɓi kwanon da hannu biyu, ya yi ta mita a kan kunya nawa ta gona wannan geron zai shuka, ya shanye tas ya lashe ludayi.

Da la'asar ɗakin ya yi shiru, masu dubiya sun tafi. Ina naɗe tabarma sai ya yi gyaran murya. Fuskarsa na kallon bango, kamar ranar da ya faɗa mini tsoronsa.

"Kai. Kwanakin ga da niy yi, na saki zance?"

Na tuna hadarin da ya gani, da faɗan sallama, da hauyar ƙarfe. Na tuna yaron da ya bi jaki bai sha furarsa ba.

"A'a, Baba," na ce. "Ba ka ce komi ba."

Ya yi hamdala ya gyara kwanciya. Ya rayu shekaru masu yawa bayan haka, ya shuka abin da ya rage a tulun da ruwa ya dawo, an kaɗa masa takensa a gayya ya tashi. Har ya koma ga Allah bai sake kama sunana ba, ni kuma ban taɓa gaya wa kowa a gidan cewa na ji yadda yake faɗinsa ba.